Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwalin Digirina

Ranka ya daɗe,

Ina fatan kana lafiya a inda na ajiye ka: cikin leda, ledar cikin fayil, fayil ɗin a ƙasan akwati ƙarƙashin shaddar sallah. A gaida mini maƙwabtanka, sakamakon WAEC da na NECO, da takardar kammala hidimar ƙasa, da shaidar asalin ƙaramar hukuma, da ragowar ƙananan hotunan nan masu jan bango da masu fari, tunda kowace ma'aikata da launin da ranta yake so. Duk 'yan rakiya ne, kai ne ango.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai halin da ake ciki, don na lura kai kaɗai ne a ɗakin nan labari ba ya isa gare ka. Kana nan yadda aka miƙo mini kai, hatiminka bai dushe ba, sa hannun shugaban jami'a yana nan raɗau. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda na san daga Kurna zuwa Sheka, daga Ɗorayi zuwa Hotoro, akwai 'yan'uwanka kwance ƙarƙashin katifu, kuma masu su suna da irin wannan magana a baki, sun rasa ranar faɗa.

Zan fara da yi maka adalci. Kai ba ka taɓa yi mini alkawarin komai ba. Abin da ke rubuce a jikinka kawai shi ne wane ya cika sharuɗɗa, an ba shi digiri a fannin Labarin Ƙasa. Baba ne ya yi alkawari a madadinka, shi ma ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ya yi ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Bompai, zamanin da in jiniyar canjin aiki ta tashi titi yake cika da kekuna. A nan ya ga mai kwali zaune a ofis ƙarƙashin fanka, shi kuma yana tsaye gaban inji har ƙafa ta kumbura. Ya ji labarin ɗaliban Zariya na shekarun 1970 da ma'aikatu suke bi har makaranta tun ba su ajiye biro ba, ga bashin mota, ga gida. Sai ya ƙudurta ɗansa ba zai tsaya gaban inji ba. Burin ya cika ta inda bai zata ba, injinan ne suka tsaya. Daga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 naira ta fara zamewa, wuta ta gagara, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Babbar masaƙar Kaduna, KTL, da aka buɗe a 1957, ta rufe ƙofa a 2002, na Kano ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar Baba ta zama sito. Imaninsa da kai ne kawai bai rufe ba. Har gobe in na je gaishe shi sai ya tambaye ni, da irin ladabin da ake tambayar lafiyar babban mutum, ko ina kula da kai.

Ina kula, har ma'aikaciya na ɗaukar maka.

Ɓeraye ne suka ja. Ɗakin da nake haya shago ne a ƙofar gida, bayansa kwata, gefensa mai injin markaɗe, saboda haka da dare sukuwa ake yi a silin. Sun cinye fotokwafinka da na bari a kan tebur, suka fara gutsurar bakin fayil. Ka san galibin jami'o'inmu ba sa buga kwali sau biyu. In ka lalace, sai rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da zarya, ƙarshe a ba ni wata takarda mai shaida cewa an taɓa yin ka. Shinkafar ɓera kuwa na ji tsoronta saboda yaran gidan. Sai wata dattijuwa a layinmu, wadda magenta ta haihu, ta ce in zo in zaɓa. Na ɗauko wata 'yar fara mai baƙin tabo a hanci, ranar Asabar ce, na sa mata Asabe.

Ka dubi yadda aka ɗauki Asabe aiki. Ba ta cike fom ba, ba a tambaye ta shekarunta ba, ba a ce ta kawo shaidar ƙaramar hukumar kakanta ba, ba wanda ya buga waya a kanta. Akwai aiki, ta iya, aka ba ta. Kafin ta gama girma silin ya yi tsit. Takan yi barcin da ya kai awa goma sha biyar a rana, ba mai rubuta mata takardar tuhuma, domin sakamakon aikinta a fili yake, a bakin ƙofa take ajiye mini shi da asuba ta koma gefe tana jiran yabo. Ba kuwa ƙaramin aiki ba ne. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a cikin abinci, kuma cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa har da ajiye kyanwa a gida.

Albashinta kan kifi ne, kuma ta nan na gane tattalin arzikin ƙasa fiye da yadda na gane shi a aji. Da, mai kifin bakin titi kyauta take ba ni kawuna, har ta gode mini na rage mata shara. Bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Ba a jima ba na tarar an ƙulla kawunan a 'yan ledoji an sa musu kuɗi. Na yi ƙorafi, ta ce, “Malam, ai yanzu masu miya ne suke saye.” Na ja bakina na biya. Ashe magidanta ne abokan takarar magena. Mai tsire yana tara mata jijiya, sai na wanke yajin da albasar, don albasa tana lalata jinin mage. Tuwo kuwa ta shinshina, ta dube ni, ta yi gaba.

Unguwa ta rabu biyu a kanta, yadda ta saba rabuwa a kan komai. Hajiya mai gidan ta ce gashin mage yana sa tari, kada ta kuskura ta shigar mata tsakar gida. Wani abokina ya ce wanda bai riƙe kansa ba ina shi ina riƙon dabba. Liman ne ya tsaya mata. Ya tuna wa 'yan majalisar hira cewa sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, kuma an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ta hana ta abinci. Tun daga ranar yara suka rage jifa, ba su dai daina ba. Ranar da ta kwanta ba ci ba sha, wani ya ce in jiƙa mata rabin farasitamol. Allah ya sa na saka ta a kwando na nufi asibitin dabbobi, na bi layi tsakanin masu raguna da masu kaji, ana kallona ana murmushi. Saurayin da ya duba ta ya ce da na ba ta wannan ƙwaya da na kashe ta, hantar mage ba ta iya sarrafa ta. Muna hira na gane shi ma aikin sa-kai yake yi, yana jiran ofa. Nasa kwalin shekara shida ya ci kafin ya fito.

To, bari in ba ka labarin neman aikin, tunda ba kasafai ake fita da kai ba, hotonka ake turawa. Sanarwa takan ɓullo a WhatsApp, wata ta gaskiya, wata ta 'yan damfara. In ta gaskiya ce, sai a kwana ana danna waya, shafin yana buɗewa yana rufewa saboda jama'ar da suka yi masa caa. In ya buɗe, sharaɗin farko yakan kayar da ni tun kafin a zo kanka: kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi ko dai a waje ya yi karatu, ko bai taɓa jin sunan ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ba. Yajin aikin 2020 wata tara ya ci, na 2022 wata takwas, ban da shekarun jiran gurbin shiga jami'ar, ban da jiran kiran hidimar ƙasa. Sannan a ce ka zo da gogewar shekara uku ko biyar. Shi ya sa harabar kotu ba ta rabo da masu rantsuwar rage shekaru. Na san gidan da a takarda ƙani ya girmi wansa, uwarsu tana raye tana kallo.

In an yi sa'a an kira jarrabawa, sai a ranto kuɗin mota, a tashi daga Unguwa Uku zuwa Kaduna ko Abuja, a kwana a tasha ko a barandar masallaci, da safe a shiga zauren da ya cika ya tumbatsa. Kowa da gogaggiyar riga, kowa da irin fayil ɗinka. Duk sanda na ga irin wannan taro sai 15 ga Maris na 2014 ta faɗo mini, ranar da hukumar shige da fice ta tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa kan guraben da ba su kai 5,000 ba, bayan kowa ya biya naira 1,000 kuɗin fom. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, mutum aƙalla 16 suka rasu. Da 'yan'uwanka a hannu suka faɗi.

Bayan jarrabawar sai shiru. Watanni su shuɗe, sai ka ji wane ya fara aiki a wurin, alhali ba a gan shi a zauren ba. Ba shaci-faɗi nake yi ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna kan cinikin guraben aikin tarayya, mutane suka zo gaban kyamara suka faɗi kuɗin da suka biya da wanda suka tura wa. Farashin ofa ba ɓoyayye ba ne a gari, kowace ma'aikata da nata gwargwadon maiƙonta. Mai uwa a gindin murhu ya samu kyauta, mai gona ya sayar ya saya, wani ma bayan gonar ta tafi sai ya je kama aiki a ce masa takardar ta bogi ce. Kai kuwa, ranka ya daɗe, a wannan kasuwa kyanwar Lami ce kai, ba cizo ba yaƙushi. Ana son ganin ka a fayil don a cika ƙa'ida, amma ba kai kake buɗe ƙofa ba.

Kada ka ce zaman kashe wando nake yi. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, darussan da babu wanda ya shafe ka a cikinsu, a kan albashin da bai kai rabin naira 70,000 ɗin da doka ta yanka a 2024 ba. In an yi hutu shi ma albashin ya tafi hutu. Ɗan hidimar ƙasar da aka turo mana, mai alawus ɗin 77,000, ya ninka ni, yana kuma ƙirga watannin da suka rage masa cikin fargaba. A lissafin hukuma dai ni ma'aikaci ne. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, adadin ya faɗo 4.1, ba don masana'antun Sharaɗa da Challawa sun farfaɗo ba, sai don yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya samu wani abu ya fita daga sahun marasa aiki. An ce haka duniya take aunawa, gaskiya ne. Amma ma'aunin ya fi dacewa da ƙasar da ake ba marar aiki na cefane har ya samu. A nan wa ya isa ya zauna mako guda cur bai taɓa komai ba?

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ka rage mini baki.

Ka san garin da muke. A Kano siyasa ba ta jiran lokacin zaɓe. Bayan isha'i kowace tashar rediyo sojojin baka ne, teburin mai shayi kuwa ba a tashi sai dare ya raba. Abin yana da asali. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure suka riƙa shan ɗauri da bulala saboda bin Malam Aminu Kano, suna fitowa suna komawa. Wannan taurin kai ne ya haifi nasarar jam'iyyar PRP a 1979, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Na daɗe ina tunanin me ya ba su wannan ƙarfin hali, alhali yawancinsu ko takardar firamare ba su da ita. Amsar da na samu ita ce abincinsu a hannunsu yake. Tela in an sako shi daga kurkuku kekensa yana jiran sa, mai son ɗinki kuma ba ruwansa da jam'iyya.

Har yau haka ne. Je ka teburin mai shayi ka ga masu ɗaga murya: direban adaidaita, mai faci, mai yankan farce, mai gyaran janareta. Su caccaki gwamna, su caccaki shugaban ƙasa, su shanye shayinsu su tafi. Sannan ka dubi ƙarshen benci, za ka ga wani yana murmushi yana gyaɗa wa kowane ɓangare kai. Wannan mai kwali ne. Ya fi su sanin kasafin kuɗi, ya karanta tsarin mulki, amma ba zai ce uffan ba, domin babban mai ɗaukar irinsa aiki gwamnati ce, ƙofar gwamnati kuma ɗan siyasa ne zaune a bakinta, ga shi bai san yaron wa ke kusa da shi a bencin ba. An ce ilimi yana 'yanta mutum. Ni dai abin da na gani, takardar ilimi ta mai da mu masu jira, mai jira kuwa ba shi da ra'ayi sai na wanda yake jira.

Kawu, da ya yi niyyar kai sunana wurin wani ɗan majalisa, sharaɗinsa na farko shi ne in bi shafina na Facebook in goge duk abin da na taɓa rubutawa kan siyasa, ya ce yaran mai gida suna bincikawa. Na goge. Ya kuma ja mini kunne kan hula: akwai gidan da ba a shiga da ja, akwai gidan da ba a shiga sai da ita. Na san samarin da suke yawo da biyu, ɗaya a ka, ɗaya a aljihu. Muka yi sammako, muka tsaya a ƙofar gida cikin masu neman kuɗin magani da masu neman ragon suna, wani yaro ya fito ya tattara takardu ya shiga da su. Bayan kwanaki aka kira ni, na tafi da murnata. Tayin da aka yi mini shi ne in shiga rundunar 'yan data: za a riƙa saka mini data duk wata da ɗan na sabulu, ni kuma in yabi mai gida da safe, in zagi abokin hamayyarsa da yamma, in an ci zaɓe a duba maganar ofa. Suka ce ai sun ga rubutuna tun kafin in goge, alƙalamina yana da kaifi. Wato dai an yaba da kai. Na ce zan yi shawara, har yau ina yi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ga askin nan ba ya ƙarewa. Ko wanda ya samu ofar ta wannan hanya hankalinsa ba a kwance yake ba. A 2023, da mulki ya sauya hannu a Kano, sabuwar gwamnati ta dakatar da albashin ma'aikata sama da 10,000 da ta ce an ɗauka a ƙurarren lokaci, sai bayan tantancewa aka mayar da mafi yawansu.

Ban ga laifin abokaina da suka karɓa ba, mai iyali da bashin mai kanti ba a yi masa wa'azin aƙida. Abin da yake ba ni tsoro shi ne a wayi gari masu karatun birni kashi biyu ne, waɗanda aka saya da waɗanda suka yi shiru ko a saye su.

Asabe ce kaɗai take jin ra'ayina cikakke. In an ɗauke wuta na kashe fitilar waya don tattalin caji, sai ta hau ƙirjina tana ɗan gurnaninta na jin daɗi, ni kuma in yi ta zuba. Ba ta kai rahoto gidan kowa. Amma abin kunya ne mutum ya yi shekaru a jami'a a ce mage ce kawai ta san matsayinsa, don haka ga shi nan a rubuce.

Tallafin mai ɓarna ce da 'yan tsiraru suka fi cin moriyarta, ban yi kukan tafiyarsa ba. Kukana shi ne an cire shi da jimla ɗaya ba a tanadi komai ba, rarar da aka samu kuma ta kumbura kason da gwamnoni suke karɓa duk wata, amma ban ga kumburin a firamaren unguwarmu inda yara suke zaune a ƙasa ba, ban gan shi a wutar da za ta tashi masana'anta ba. Gadar sama ba ta ɗaukar kowa aiki bayan ranar bikin buɗe ta. Rigimar masarauta, daga raba ta biyar a 2019, zuwa tuɓe Sarki Sanusi a 2020, zuwa mayar da shi a 2024 da zaman fada biyu a gari ɗaya, ta ci mana shekaru da hankali, ban kuwa san wanda ta sama wa aiki ba in ba lauyoyi ba. Waɗanda suka fasa shaguna da ofisoshi a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 sun yi laifi. Amma a tsare ƙananan yara wata uku, a kawo su kotu a Abuja suna zubewa don galabaita, da tuhumar cin amanar ƙasa, wannan ya fi fasa shago muni. Su kuma manyan da suke ce mana aikin gwamnati ya ƙare a kama sana'a, maganar gaskiya ce, bakin ne ba nasu ba. Ranar da na ga ɗan ɗayansu a layin karɓar baro ko keken ɗinki gaban 'yan jarida, zan saurare su.

Ba ni da hula. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ina cikin kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista da suka fita, zan kuma sake fita. Katin yana nan kusa da kai. Buƙatata ɗaya ce, ba ta kai kuɗin gada ba. In akwai gurbi, a tallata shi, a yi jarrabawa, a liƙa sunaye da maki a bango da intanet, kowace ƙaramar hukuma ta ga nata, wanda ya faɗi ya san da maki nawa aka kayar da shi. JAMB tana zaunar da yara kusan miliyan 2 gaban kwamfuta duk shekara, sakamako ya fito cikin kwanaki. Duk da kura-kuranta, ɗan mai faci yana iya fin ɗan kwamishina maki, kowa kuma ya gani. Ƙasar da ta iya wannan wajen shigar da mu jami'a ba za ta ce ya gagare ta wajen ɗaukar mu aiki ba. Ba a so ne, domin ranar da aka yi haka layin ƙofar gidan mai gida zai ragu, rundunar 'yan data ta watse.

Kada ka tsorata, ba zan cinna maka ashana ba yadda na ga wasu suna yi wa nasu a bidiyo. Abin da aka zuba mini a ka yana nan, ba a akwati yake ba. Shi ya sa duk Agusta in ruwa ya shigo layinmu har gwiwa, maƙwabta suna cewa ikon Allah, ni ma ina cewa ikon Allah, amma na san tsohon kududdufi aka cike aka yanka filaye. Kududdufan nan na Kano, da aka haƙa don ginin ƙasa, su ne suke shanye ruwan sama, an bi su ɗaya bayan ɗaya an mai da su shaguna. Na taɓa zana taswirar magudanan unguwarmu na kai wa mai unguwa, ya yaba, ya ce in kai wa kansila. Kansila ya juya ta, ya tambaye ni ɗan wane ɓangare ne ni.

Ga abin da na yanke. Tun bayan ƙaramar sallah, in na tashi daga makaranta sai in wuce Farm Centre wurin wani abokin ƙuruciyata da ya bar karatu daga aji uku na sakandare. Yanzu yana da shago da yara, ni ne autansu, gyaran waya yake koya mini. Yana kira na Malam a gaban masu kawo gyara, in na ƙona masa wani abu kuma ya yi mini faɗa daidai da kowa. Na iya canja gilashi da bakin caji. Baba bai sani ba tukuna, ina neman bakin da zan gaya masa ɗansa yana sunkuye gaban na'ura. Amma daren da na fara dawowa da kuɗin da hannuna ya yi, na yi musu da mai faci kan kasafin kuɗin jiha har shayina ya huce, ban waiga na ga wa ke saurare ba.

Sauran labari, Asabe ta sake ɗaukar ciki. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, ta ma fara leƙa akwatinka tana neman wurin haihuwa, na sa masa kwado, kada ka ji motsi ka firgita. 'Ya'yanta na baya sun yi suna a layin wajen kamu, saboda haka wannan karon ba sai na yi talla ba. Hajiya mai gidan, mai maganar tari, ta aiko a ajiye mata guda don ɓeraye sun addabi buhun masararta. Mai injin markaɗe yana son biyu. Mai shayi ma ya sa suna. Tun suna ciki ofarsu ta fito.

Kai ma kana da fita. Wata hukuma ta buɗe shafi, ranar Juma'a za a rufe, iyakar shekarunsu 30, da ƙyar na tsallake. Sun ce sai an sake ɗaukar hotonka, kuma kada nauyinsa ya wuce kilobayit 200. Gobe bayan azahar zan zo in fito da kai. Kuɗin shagon intanet ɗin daga na kifin Asabe zan ranta, sai ka san wadda take bin ka bashi.

Haza wassalam.

Naka,
mai sunan da ke rubuce a jikinka,
Kano.